Anti, an ce Babanmu sai wankin ƙoda, dangi kuma sun ce in an fara shikenan

Salam Anti, dan Allah ki taimaka min da shawara kaina ya kulle. Babanmu shekarunsa 58, ya fi shekara goma yana fama da hawan jini da ciwon suga, amma gaskiya in yaji sauƙi ajiye maganin yake, ga kuma maganin ciwon gwiwa da yake sha kusan kullum. Wata biyu kenan ƙafafunsa da fuskarsa suna kumbura, baya iya cin komai, ga amai ga ƙaiƙayi, in ya kwanta sai haki. Mun kai shi asibiti akai gwaji, a takardar naga an rubuta kiriyatinin 890, eGFR 6, potasiyam 6.1, PCV 22, ni dai ban gane komai ba. Likita yace ƙodarsa ta kai mataki na biyar sai wankin ƙoda, za'a sa masa roba a wuya daga baya ayi masa wani abu wai fistula a hannu. Baffanmu yace bai yarda ba, duk wanda ya sani da aka fara yiwa wankin nan bai daɗe ba ya rasu, a dawo da shi gida a nemi wani maganin. Ni kuma abin da ya ɗaure min kai ai yana fitsari, ta yaya za'a ce ƙoda ta daina aiki? Nace zan ba shi tawa guda ɗaya sai Umma ta fashe da kuka wai in na bayar ba zan haihu ba, ko aure ban yi ba. Ni ne babba, kowa ni yake kallo.

Wa alaikumus salam ɗana. Sannu, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba Baba lafiya. Bari in fara da na gaggawa don kar ya nutse a tsakiyar dogon bayani. Da waɗannan lambobin da ka rubuto, da hakin nan da yake yi in ya kwanta, Baba ba na komawa gida bane yanzu, dan Allah kar ku fitar da shi daga asibiti. Na yi shekaru ina aikin nas a ɗakin masu ciwon ƙoda, na sha ganin irin takardar nan a hannun yara irinka suna jujjuya ta ido ya kawo ruwa, kuma na lura rabin tsoron rashin gane kalmomin ne yake kawo shi. To zauna mu bi su a hankali, in ka gane kai ma zaka iya yiwa Baffa da Umma bayani da bakinka.

Kai hannunka bayanka, daidai inda haƙarƙarin ƙarshe ya tsaya, gefe da gefen ƙashin baya. Nan ƙodoji suke, guda biyu, kowacce bata wuce girman dunƙulen hannunka ba, ta dama ta ɗan fi yin ƙasa saboda hanta ta zauna a samanta. Ƙanana ne amma kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke bugawa wajensu yake zuwa. A cikin kowacce akwai wasu ƴan mitsi-mitsin matatai wajen miliyan ɗaya, nefron ake ce musu, su ne suke tace jini dare da rana. Abin da suke tacewa a yini yakan kai lita 180, sai su mayar da kusan duka cikin jini su bar lita ɗaya zuwa biyu kawai ɗauke da dattin, shi ne fitsari, ya gangara ta wasu siraran bututu biyu zuwa mafitsara. Kuma fa ba tace datti kaɗai bane aikinsu, su ke daidaita ruwa da gishirin jiki, suna da hannu a hawa da saukar jini, su ke aika saƙo zuwa ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini, har ƙarfin ƙashi suna da ruwa da tsaki a ciki. Shi yasa in suka gaza sai kaga ciwon ya fito ta ko'ina kamar cututtuka biyar ne suka haɗu, alhali tushen guda ne. Kumburin nan ruwa ne da gishiri suka rasa hanyar fita, hakin ruwan ne ya fara taruwa a huhu, aman da ƙaiƙayin da ƙin cin abincin datti ne ya taru a jini.

Hawan jini da suga kuwa su ne manyan masu cinye ƙoda a duk duniya, kuma a ɓoye suke yi. Matatan nan jijiyoyin jini ne sirara fiye da gashi, suga yana lalata bangonsu hawan jini yana dukansu, shekara da shekaru, waɗanda suka rage suna ɗaukar aikin waɗanda suka mutu, mutum yana yawonsa baya jin komai har sai mafi yawansu sun tafi. Ba don a ɗora wa Baba laifi na faɗi wannan ba, kar kowa ya tsaya a kansa yana cewa da ka sha magani, yanzu ba lokacin wannan bane.

Yanzu takardar. Kiriyatinin wani datti ne da tsokar jiki ke fitarwa kullum, ƙoda ce ke kwashe shi, to in ya taru an san mai kwashewar ta gaza. A irin ma'aunin da aka rubuta muku na namiji mai lafiya yawanci yana tsakanin 60 da 110 ne, kaga 890 ba ƙaramin hawa bane. Shi kuma eGFR lissafi ne da ake yi daga kiriyatinin ɗin da shekarun mutum da jinsinsa don a ƙiyasta yawan tacewar, ka ɗauke shi kamar maki cikin ɗari zaka fi saurin ganewa. Mai lafiya 90 ne zuwa sama, daga 59 zuwa 30 mataki na uku, 29 zuwa 15 na huɗu, ƙasa da 15 shi ne na biyar ɗin da likita ya faɗa. Na Baba 6. PCV kuma yawan jajayen ƙwayoyin jini ne, na namiji ya kamata ya kai 40 ko fiye, 22 ya nuna jininsa yayi ƙasa sosai, kuma ka tuna na ce ƙoda ce ke aika saƙo ga ɓargo, saƙon ne ya yanke. Akwai allurar da ake yi a madadinsa, tare da maganin ƙarin sinadarin ayon, wato sinadarin ƙarfe da jiki ke ƙera jini da shi.

Wanda yafi tayar min da hankali a cikinsu duka shi ne potasiyam. Wani gishiri ne da bugun zuciya ya dogara da shi, daidansa 3.5 zuwa 5, in ya haura 6 yana iya hargitsa bugun zuciya ko ya tsayar da ita gaba ɗaya ba sallama, mutum yana zaune ana hira da shi. Wannan lambar kaɗai ta isa ta hana a ɗauke shi zuwa gida.

Tambayarka ta fitsari tambaya ce mai kyau wallahi, kusan kowa sai yayi ta. Ka ɗauki rariyar da ta lalace, ruwa zai wuce ta cikinta amma aikin da aka ajiye ta dominsa ba ya yiwuwa. Haka ƙodar Baba, tana iya sakin ruwa amma ruwan baya ɗauko dattin yadda ya kamata, fitsarin ya fita dattin yana nan a jini. Yawan fitsari baya nuna lafiyar ƙoda, jini ne ke nunawa. Amma wannan ɗan fitsarin da ya rage masa abu ne mai daraja, a lallaɓa shi, yana rage masa taruwar ruwa ko bayan an fara wankin.

Sai maganar Baffa. Kar ka raina shi kuma kar ka yi masa gardama a gaban mutane, ɗan'uwansa ne yake tsoron rasawa, kuma abin da ya gani da idonsa ya gani ɗin, ni ma na gani. Inda na saɓa da shi shi ne wajen ɗora wa na'urar laifi. Mafi yawan waɗanda na ga sun tafi da wuri sai da aka gama zagaye da su ko'ina tukuna, aka sha wannan aka sha wancan, sai da mutum ya daina gane mutane aka kawo shi, aka yi wanki ɗaya ko biyu zuciya ta riga ta gaji. Wasu kuma an fara lafiya lau sai ɗawainiya tayi yawa aka koma yi sau ɗaya a sati biyu, dattin da ruwan basa jira. Wasu robar wuyan ce ta kama ƙwayar cuta. Su dangi abin da suka riƙe shi ne an sa shi a inji ya rasu. Har yau ina tuna wani dattijo da ƴaƴansa suka sa hannu suka fitar da shi da ƙafarsa yana mana godiya, bayan kwana tara suka dawo da shi a ɗauke, na kasa kallon babban ɗan. Bana so ka zama wannan ɗan.

Ba zan yi maka daɗin baki ba kuma. Wankin ƙoda baya warkar da ƙoda. Sunan ne ma yake ruɗar mutane, ba ƙodar ake wankewa ba, jinin ake wankewa. Ana jan jini ta bututu ya bi ta cikin wata matata a jikin na'ura, datti da potasiyam da ruwan da yayi yawa su fita, jinin ya dawo jiki, a kowane lokaci ɗan kaɗan ne yake waje. Yawanci sau uku a sati, awa huɗu-huɗu, kuma duk da haka wani yanki ne kawai na aikin ƙoda mai lafiya yake yi, shi yasa tsallake zama yake da haɗari. Mutum kan fito a gajiye, wani jininsa ya sauka ko ƙafarsa ta riƙe ana cikin yi. Amma na ga waɗanda aka kawo basa iya kwanciya don haki, bayan zama uku huɗu kumburi ya saɓe suna neman abinci da kansu, na ga masu shekaru a kai suna zuwa aikinsu. Kuma ba sabon abu bane da ake gwaji a kan mutane, tun 1943 wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Willem Kolff ya haɗa na'urar farko, a 1945 ta ceci ran wata mata mai shekara 67, daga nan ake ta gyara ta har yau.

Robar wuyan sunanta kateta, ana zura ta a babbar jijiyar jini ta wuya don a samu a fara wankin yau-yau, ta wucin gadi ce. Matsalarta ƙofa ce buɗe zuwa cikin jini, don haka ba'a jiƙa ta, ba'a taɓa ta da hannu haka kawai, kuma ranar da kuka ga zazzaɓi ko rawar sanyi a daren za ku faɗa, ba sai gobe ba. Fistula kuwa ƴar ƙaramar tiyata ce a hannu, yawanci wajen kawai ake kashewa ba'a sa mutum barci. Jijiyoyin jini iri biyu ne, masu kai jini daga zuciya da ƙarfi, da masu dawo da shi a hankali, sai likita ya haɗa bakin ɗaya da ɗaya, ƙarfin jinin ya sa mai dawowar ta yi kauri ta faɗaɗa har ta iya ɗaukar allurar wanki. Tana ɗaukar wajen sati shida zuwa ƴan watanni kafin ta nuna, kaga ba'a fafe gora ranar tafiya, in sun ce ayi to ayi da wuri don a rabu da robar. In ka ɗora yatsa a wurin zaka ji yana zirrr kamar kyanwa na gurnani, alamar tana aiki kenan, ranar da kuka ji shiru ku garzaya. Wannan hannun ba'a awon jini a kansa, ba'a ɗibar jini, ba'a kwanciya a kansa, kuma tun yanzu ka tambayi wane hannu za'a yi don a daina huda jijiyoyinsa. Akwai ma wani wankin na daban da ake yi ta ciki, a zuba ruwa na musamman ta bututu tantanin cikin mutum ya yi tacewar, ana iya yinsa a gida amma yana son tsafta sosai, ka tambaya ko suna yi.

Ga tambayar da nake so ka fara yiwa likita gobe, ita ce uwa: wannan gazawar ta daɗe ce ko akwai sabon abu da ya hau kanta? Don iri biyu ne. Akwai ta farat ɗaya, wadda amai da gudawa ko wani magani ko toshewar hanyar fitsari ke kawowa, wannan takan farfaɗo, wani ayi masa wanki na ƴan makonni ya rabu da shi. Akwai ta sannu a hankali wadda ta wuce wata uku, ita bata komawa baya. Tarihin Baba yafi kama da ta biyun, ba zan ɓoye maka ba, amma sau da yawa ana samun ta farko ta hau kan ta biyu, musamman ga mai amai mai shan maganin ciwon jiki, in aka cire abin da ya hau sai a ɗan samu sarari. A yi masa sikanin, zai nuna ko ƙodojin sun motse da kuma ko akwai toshewa, don a shekarunsa kumburin furostet (wani ɗan nama ne da ya zagaye hanyar fitsari a ƙarƙashin mafitsarar namiji) ko tsakuwa na iya tare fitsari ya koma yana danne ƙoda, wannan kuwa ana iya buɗe shi.

Maganin gwiwar nan a ajiye shi daga yau. In irin su ibuprofen ne ko diclofenac suna rage jinin da ke shiga ƙoda, ga mai irin ciwon Baba guba ne. Ka tattara duk abin da yake sha, duka fa, har wanda wani ya kawo a kwalba ba suna, ka zube a gaban likita kar ka ji kunya. Ƙodar da ta rage maki 6 bata da ƙarfin fitar da abin da ba'a san me ke cikinsa ba, kuma wannan shi ne babban tsorona da maganar a nemi wani magani a gida. Hatta maganin sugansa sai an sake dubawa, metformin ba'a ba mai ƙoda a wannan matakin, insulin kuma yakan daɗe a jiki tunda ƙoda ce ke fitar da wani ɓangarensa, sai kuga suga yana faɗuwa ku ɗauka warkewa yayi, a'a, haɗari ne. Gishiri a rage sosai, ruwan sha kuma su za su faɗa muku adadi, kar wani yace a ɗura masa ruwa ya wanke ƙodar, huhunsa zai tafi.

To mu zo kan kyautar da kake son yi, Allah ya yi maka albarka, na karanta wurin nan sau biyu. Ka gaya wa Umma ta kwantar da hankalinta ta wannan ɓangaren, bayar da ƙoda ɗaya baya hana haihuwa, maniyyi a maraina ake yinsa, aikinsu daban, masu ƙoda ɗaya suna aure suna haihuwa, wasu ma da guda ɗaya aka haife su basu sani ba sai an yi sikanin wani abu. In an cire ɗaya ta biyun takan ƙara girma ta riƙe wajen kashi 70 cikin ɗari na aikin biyun. Dashen ƙoda na farko da ya yi nasara, wato a ciro ta wani a sa wa wani, a birnin Boston na Amurka aka yi shi a 1954, likita Joseph Murray ya yi tsakanin wasu tagwaye, kuma wanda ya bayar ɗin ya rayu har 2010, shekara 56 da ƙoda ɗaya. Ga wanda jikinsa zai ɗauka, dashe yafi wanki, ta tsawon rai da ta jin daɗinsa. A mara ake dasa sabuwar, tsofaffin yawanci barinsu ake a inda suke.

Amma tsoron Umma ba a banza yake ba, wurin da ta ajiye shi ne ba daidai ba. Tiyata ce babba, kuma kai ɗan mai suga da hawan jini ne, abubuwan nan suna bin jini, kana da shekaru masu yawa a gabanka da ƙoda ɗaya zata riƙe. Shi yasa ba kai ke yanke hukunci kai kaɗai ba, gwaji ne zai yanke: rukunin jininku, dacewar jikinku, sugarka, awon jininka, fitsarinka, hoton ƙodojinka, shi ma Baba sai an duba zuciyarsa ko zata ɗauki aikin. In likitoci suka ce a'a to a'a ɗin ce, ba gazawarka bace. Bayan dashe kuma zai sha maganin danne garkuwar jiki muddin ƙodar na jikinsa, in ya ajiye kamar yadda yake ajiye na hawan jini jiki zai ƙi ta, kyautarka ta tafi a banza, wannan magana ce da sai an yi ta da shi ƙiri-ƙiri. In da niyyar dashe ku sanar da likita tun yanzu, don yawan ƙarin jini yana iya sa jiki ya ƙi baƙuwar ƙoda daga baya, za su yi taka-tsantsan. Duk wannan na watanni ne masu zuwa, ba ya hana wankin wannan satin. Kuma ko ba dashe kai da ƙannenka kuje a auna muku jini da suga da fitsari.

Abu ɗaya na nema a wasiƙarka ban gani ba. Na ji ta bakin likita, na ji ta Baffa, na ji ta Umma, na ji taka, ban ji ta Baba ba. Jikinsa ne, shi za'a huda, shi zai zauna awa huɗu, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muddin yana cikin hankalinsa a zaunar da shi a gaya masa gaskiya cikin ladabi, kar ayi ta ƙus-ƙus a bakin ƙofa yana kallonku, marasa lafiya suna ganewa wallahi, kuma shirun yafi maganar tsorata su. Ku zauna ku lissafa ɗawainiyar tsakaninku da gaske, wa zai riƙa kai shi, wa zai ɗauki me, tun kafin a fara, kar ka ɗauka kai kaɗai don kai ne babba.

Shi kuma Baffa ka roƙe shi ya raka ka gobe, ka nemi izinin nas ɗin ɗakin wankin ya leƙa, ya gaisa da waɗanda suke kai, ya tambaye su da bakinsa shekara nawa suka yi, sannan ya zauna gaban likita ya faɗi tsoronsa a ba shi amsa. A daren nan kuma in kaga hakin ya ƙaru, ko ciwon ƙirji, ko jikinsa ya saki, ko yana ta barci yana magana ba kan gado, ka tashi nas a take kar ka jira zagayen safe. In sakamakon sikanin ya fito ka rubuto min abin da aka rubuta game da girman ƙodojin mu duba tare. Ka gaishe min da Umma, Allah ya tashi kafaɗunsa.